Golf 3 da ke ƙin tashi da sanyin safiya: ta ina za a fara bincike?

Tambaya: Ina da Golf 3 mai injin 1.8, irin mai nozul ɗaya, a Zariya nake zaune. Tunda hunturu ya kama, kullum da safe sai na yi ta murɗa makulli kafin ta tashi, wata rana ma sai an tura ni. In ta tashi kuma sai ta yi ta rawa, da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Amma da zarar ta yi zafi shi ke nan, bugu ɗaya take tashi har dare. Na sa sabon batir, na canja fulogi, ba ta sake zani ba. Wani makanike ya ce in yarda a cire nozul a sa min kafireto in huta. Mene ne shawara?

Amsa: Malam, kada ka bari a cire maka nozul ɗin nan tukuna. Motar da ke tashi bugu ɗaya in ta yi zafi, ta wuni tana aiki lafiya, ba ta kai matsayin da za a sauya mata tsarin shan mai gaba ɗaya ba. Volkswagen ta ƙera Golf 3 daga 1991 zuwa 1997 don ƙasashen da ƙanƙara ke kwana a kan gilashi, kuma tana tashi a can. Sanyin Zariya, kai ko na Jos inda ma'auni kan sauko wajen digiri 10 da asuba, bai isa ya hana lafiyayyar mota tashi ba. Abin da hunturu ya yi maka shi ne tona wani rauni da ya daɗe a jikin motar, kamar yadda tsohon targaɗe ke tashi wa mutum in sanyi ya shigo. Aikinmu shi ne gano raunin.

Ka fara sanin abin da sanyi ke yi wa inji, domin duk binciken a kansa ya dogara. Fetur ba ya kamawa da wuta sai ya zama tururi ya gauraya da iska. In ƙarfe ya yi sanyi, wani kaso na man sai ya manne a jikin manifol, wato bututun da ke kai mai da iska cikin inji, bai kai cikin silinda ba. Wannan ya fi damun irin injinka, domin nozul ɗaya ne a sama yake fesa wa silinda huɗu, man kuma sai ya yi tafiya a cikin bututu mai sanyi kafin ya isa. Shi ya sa inji mai sanyi ke bukatar mai fiye da kima a mintunan farko. A daidai lokacin kuma baƙin mai ya yi kauri, injin ya yi nauyin juyawa, batir kuma ƙarfinsa ya ragu. Ƙaramar matsalar da ba ka ji da rana, da asuba sai ta haɗu da waɗannan ta kayar da motar.

Daga nan sai sharaɗin da mutane da yawa ke karyawa: ciwon sanyi da sanyi ake bincikensa. In ka sha wahala ka tayar da ita, ka tuƙa zuwa gareji, injin ya riga ya yi zafi, makanike zai murɗa ta tashi, duk abin da ya gaya maka daga nan lalube ne cikin duhu. Ka kai ta da yamma ta kwana a can, ko ka ɗauko mai gyaran ya zo gida da sassafe, da mitarsa a hannu, kafin kowa ya taɓa makulli.

Da safen, ka kashe rediyo ka saurari yadda kik ke juya injin. In yana ja da ƙyar, yana nishi, ko ka ji ƙas ƙas kawai fitilun dashbod suna dusashewa, matsalar wuta ce ko kik. In yana juyawa da sauri yadda ya saba amma injin bai kama ba, ko ya kama ya mutu, to sai mu koma kan mai, iska da tartsatsi.

Ka ce ka sa sabon batir, amma hakan bai wanke ɓangaren wuta ba, musamman da ka ce wata rana turi ne ke tayar da ita. Motar da ta ƙi kik amma ta tashi nan take da aka tura tana gaya maka cewa mai da tartsatsi suna nan, kik ne ke shanye wutar har kwayil da birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, su rasa abin da zai ishe su. A ɗora mita a kan batir kafin a murɗa: cikakken batir da ya kwana yana nuna bolt 12.6, in ka ga 12.2 rabin caji gare shi, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. Sai wani ya murɗa kana kallo. Bai kamata ya faɗo ƙasa da 9.6 ba. In motar ta tashi, a sake aunawa, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai ba, altaneta ba ta cika batirin, ko fambel ya saki, kuma sabon batirin ma zai bi sawun tsohon. Motar da ke gajerun zirga-zirga cikin gari, ana kashewa ana tayarwa, ta fi faɗawa wannan hali.

A cire kawunan batir a kankare su har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau. A bi baƙar wayar da ta tashi daga batir zuwa bodi da giyabos, a kwance, a goge tsatsa, a mayar. Akwai gwaji mai sauƙi: a ɗauki wayar jan wuta guda, a maƙala baki ɗaya a kan batir ɓangaren da ke da alamar ragi, ɗaya bakin a jikin ƙarfen inji, a murɗa. In kik ya ƙara sauri, wayar at ce ta lalace, wato baƙar wayar nan da ta tashi daga batir zuwa bodi. In duk wannan lafiya amma har yanzu yana ja da nauyi, a sauke kik a duba bushin da burushinsa. Sannan ka tuna irin baƙin man da aka zuba maka. Da yawa a nan ana zuba wa tsohuwar mota SAE 40 ko 20W-50 don a rufe hayaƙi. Da asubar hunturu wannan man yana da nauyi, kuma in injinka ba ya shan mai sosai, 15W-40 zai sauƙaƙa wa kik.

Yanzu ga inda na fi zargi a motarka, saboda yadda ka ce tana rawa tana mutuwa har sai ta ɗumama. Tsarin man da ke kan wannan inji na kamfanin Bosch ne, sunansa Mono-Motronic. Ba shi da cok, wato faifan da ke rage iska a kafireto don mai ya ƙaru in inji na da sanyi. Abin da ke gaya wa birenbos cewa inji na da sanyi, a ƙara mai a ɗaga silo, wata 'yar sensa ce da ke nutse cikin ruwan inji, a jikin bututun roba mai tauri da ke manne da kan silinda, inda babban tiyon lagireto na sama ya fito. A wasu motocin sensa biyu ne a wurin, shuɗiya mai baki biyu ta birenbos da wata ta allurar dashbod. A wasu kuma an haɗe su wuri ɗaya mai baki huɗu. Don haka allurar zafi na iya aiki daidai alhali ɓangaren da birenbos ke karantawa ya mutu. Wannan ya sha ɓatar da masu gyara.

Yadda take aiki shi ne, in ruwa na da sanyi tana tare wuta sosai, in ya yi zafi sai ta sassauta. A zare soket ɗinta a auna da mita a ma'aunin om. A digiri 20 ana sa ran ganin wajen om 2,500, a digiri 10 wajen 3,700, in inji ya yi zafi zuwa digiri 80 kuma ta sauko wajen 300 da ɗoriya. In da asuba ka auna ka ga 400 ko 600, sensar na yi wa birenbos ƙaryar cewa inji na da zafi, shi kuwa sai ya ba da man inji mai zafi, wanda ba zai isa a tashi da sanyi ba. Da rana ƙaryar ta zo daidai da gaskiya, shi ya sa motar ke tashi bugu ɗaya. Akwai kuma akasin haka. In bakin soket ya yi tsatsa ko kore, ko waya ta kusa tsinkewa, adadin sai ya haura, birenbos ya ɗauka ana tsananin sanyi, ya yi ta antaya mai har fulogi ya jiƙe. Irin wannan motar tana tashi da baƙin hayaƙi da warin fetur, tana kuma shan mai fiye da da. Saboda haka kada a tsaya kan sensar kaɗai, a duba soket da wayoyinta har inda suka shige cikin damin waya.

Hanya mafi sauri ta sanin wane ɓangare kake ita ce fulogi. Bayan ka murɗa sau biyu ko uku ba ta tashi ba, ka tsaya, a kwance fulogi ɗaya ko biyu a duba bakinsu. In a bushe suke ƙayau, mai ba ya isowa yadda ya kamata. In a jiƙe suke suna warin fetur, ko man ya yi yawa ko tartsatsi ba shi da ƙarfi. Wannan dubawar ta minti biyar tana raba maka hanya biyu, kuma ba ta cin ko sisi.

Tunda muna kan ruwan inji, bari in faɗi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. An mayar da cire tamostat al'ada a garejojinmu, wai ƙasarmu da zafi. A haɗa fanka kai tsaye, tana juyawa tun daga murɗa makulli. Tamostat ɗin wannan inji yana fara buɗewa ne wajen digiri 85 zuwa 87, aikinsa shi ne riƙe ruwa a cikin inji har ya ɗumama da wuri. In babu shi, da hunturu injin kan daɗe bai kai zafinsa na aiki ba, birenbos na ta ƙara mai, fulogi na yin baƙi, fetur na wanke baƙin man da ke jikin silinda. Washegari da asuba fulogin da ya sha toka ne ake so ya tayar da inji mai sanyi. Ka kwance sabbin fulogin naka ka gani. In har sun riga sun yi baƙi, ka tambaya ko akwai tamostat a motar. Fankar da ke juyawa lokacin kik kuma tana satar wutar da kik ke nema.

Abu na biyu da wannan inji ya yi suna da shi shi ne robar da ke ƙarƙashin gidan nozul, wadda ta haɗa shi da manifol. Da shekaru da zafi sai ta tsage. Da sanyi robar na ƙanƙancewa ta yi tauri, tsagar ta buɗe, iskar da birenbos bai san da ita ba ta shiga, man ya yi kaɗan. In inji ya yi zafi robar ta yi laushi ta ɗan rufe. Gwajinta: mota na silo, ka kama gidan nozul da hannu ka ɗan girgiza shi gaba da baya a hankali. In sautin inji ya canja ko ya nemi mutuwa, robar ta tafi. A duba sauran ƙananan tiyoyin iska, da babban da ya tafi wurin birki, da wanda ya fito daga murfin inji. Wasu na fesa fetur a wurin don su ji ko silo zai ɗaga. Ban yarda da wannan ba, domin a wannan injin manifol ɗin salansa na nan kusa, a ɓangare ɗaya.

A ƙarƙashin manifol ɗin kuma akwai wani faifai mai ƙayoyi da ke ɗumama da wutar lantarki, don ya taimaka wa fetur ya zama tururi har ruwan inji ya yi zafi. Sau da yawa za ka tarar an tsinke wayarsa ko rilensa ya mutu shekaru, ba wanda ya kula, tunda wata tara na shekara ba a jin rashinsa. Rashinsa bai cika hana tashi ba, amma yana kawo rawa da shaƙewa a mintunan farko. Haka tiyon da ke ɗebo iska mai ɗumi daga kusa da salansa zuwa gidan iyakilina, wanda a yawancin motocin da na gani an yar da shi.

Mutuwar da take yi in ka ɗaga ƙafa tana iya zuwa daga ɗan motan da ke gefen gidan nozul, wanda ke tura totur ya ɗaga silo in inji na da sanyi, sannan ya sauke shi zuwa wajen 800 ko 900 in ya ɗumama. A bakinsa akwai ɗan makunnin da ke shaida wa birenbos cewa ka saki totur. Ƙurar hunturu da tiririn mai kan daskare a wurin da kuma bakin maƙogwaron totur. A wanke da abin wanke kafireto, a sa sabon iyakilina in ya toshe. Sai dai ina roƙonka, kada ka bar kowa ya kwance ko ya murɗa sensar totur da ke ɗaya gefen, ko sukurun da totur ke tsayawa a kai. Daga masana'anta aka saita su, kuma wanda ya taɓa su da ka ba tare da ma'auni ba, ya ɗora maka sabon ciwo a kan tsohon.

Ɓangaren mai ba shi da wuyar dubawa a wannan motar. Ka murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da kik ba, ka saurara ta baya wajen tanki, za ka ji famfon mai ya yi ɗan gurnani ya tsaya. In shiru, a duba fiyus da rilen famfo. Ka gwada kunnawa da kashewa sau uku kafin ka yi kik. In hakan ya sa ta tashi da wuri, man na komawa tanki cikin dare ko famfon ya gaji. Ƙarfin turin mai a wannan tsari kaɗan ne, bar 0.8 zuwa 1.2, kuma da geji ake tabbatar da shi. Wani alherin nozul ɗaya shi ne kana iya ganin aikinsa da idonka. A cire murfin da ke samansa, wani ya yi kik, kai kuma ka tsaya daga gefe, kada ka leƙa da fuska domin inji kan yi atishawar wuta. Ya kamata ka ga feshi mai laushi ya bazu a zagaye. In tsiyaya yake ko ɗigo, ko yana ci gaba da ɗiga bayan an kashe, a wanke shi ko a sauya. Filtar mai tana ƙarƙashin mota ta baya, kuma in ba ka tuna ranar da aka canja ta ba, lokacinta ya yi. In kana yawan sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu, ka sa a zuba kaɗan a kwalba mai haske a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa, kuma haka yake kwanciya a gindin tanki cikin dare inda famfo ke fara zuƙa.

Tartsatsi kuwa, kwayil ɗin Golf 3 sananne ne da tsagewa a jikin robarsa. Da asuba kafin gari ya waye, a buɗe bonet a yi kik, ka duba ko za ka ga wuta na tsalle daga jikin kwayil ko wayoyin fulogi. A buɗe murfin distiributa a duba ciki: ƙura, tsaga, baƙin layi siriri, ko gawayin tsakiya da ya cinye. Iskar hunturu busasshiya ce, don haka laima ba ta cika zama dalili a wannan lokaci ba, ƙura ce ta fi yawa. Amma in ka tuna motar na yi maka irin wannan gardama da damina ko bayan an wanke inji, to ka ƙarfafa zargi a nan. Kada a riƙe wayar fulogi da hannu, kada kuma a yi kik waya na reto ba ta kusa da ƙarfe, domin hakan na iya ƙona na'urar da ke jikin kwayil.

In duk waɗannan sun fita lafiya, sai a auna matsin silinda. Lafiyayyen injin 1.8 na ba da bar 10 zuwa 13, in ya sauko wajen 7 ya gaji, kuma bai kamata silinda ɗaya ta yi nisa da 'yan'uwanta ba. Injin da ringinsa ya cinye yana wahalar tashi da sanyi, in ƙarfe ya buɗe da zafi sai ya rufe giɓin. In an ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin fulogi matsin ya ƙaru, ringi ne. In bai ƙaru ba, a duba bawul ko gasket. In kuma motar na tashi da silinda uku da farin hayaƙi mai yawa, ruwan lagireto na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, gasket ne ke ɗiga ruwa cikin silinda da dare. Na ajiye wannan a ƙarshe ne don bayaninka bai fi nuna shi ba.

Game da kafireto, ga dalilin da ya sa ban goyi baya ba. A wannan tsari birenbos ne ke riƙe da lokacin tartsatsi, ba man kaɗai ba. In an cire nozul, sai an nemo wata distiributa, sai an rage ƙarfin famfo domin kafireto ba ya ɗaukar turin da nozul ke so, sai an yi ta yanke waya. Abin da za a ɗora maka kuma tsohon kafireto ne da aka ciro daga wata motar, wanda galibi an riga an ɗaure cok ɗinsa da waya a buɗe. Kafireto marar cok shi ma ƙin tashi yake da sanyi, sai ka yi ta taka totur. In kuma ciwon naka na kik ne, ko kwayil, ko ringi, zai biyo ka cikin sabon tsarin bayan ka kashe kuɗin. Wanda motarsa ta zo da kafireto tun asali, irin su Golf 2 da tsofaffin Starlet da Peugeot 504, shi abin da zai fara dubawa da asuba shi ne ko faifan cok na rufe bakin kafireto in ya ja shi ko ya taka totur sau ɗaya, da ko yana ɗan buɗewa da kansa in inji ya kama.

Kafin a gama gyaran, ka sauƙaƙa wa motar. Ka kashe fitila da fanka da rediyo, ka taka kuloci har ƙasa, kada kik ya wuce daƙiƙa 10, ka huta rabin minti kafin ka sake. Famfa totur ba ya ƙara mai a motar nozul. In ka ji warin fetur alamar ta sha da yawa, ka danne totur har ƙasa ka riƙe shi a haka kana kik, iska ta share silinda. Kada a tsiyaya fetur ta sama, an yi asarar motoci da fuskoki ta wannan hanya. In ta tashi kuma kada ka yi ta zuga ta, baƙin mai bai gama zagayawa ba.

In awo ya nuna sensar ruwa ce, ka nemi ta kirki mai lamba da launi irin na wadda aka cire, domin jabu sun cika kasuwa kuma wata tun a kwali adadinta ba daidai yake ba. A auna sabuwar da mita a gaban mai shago kafin ka biya. A canja ta inji na da sanyi, a fara buɗe murfin robar ruwa iska ta fita a mayar, a zare ɗan maƙalin da ke riƙe da ita, a tabbatar tsohon zoben roba ya fito, a sa sabo, a cika ruwan da ya zube. Adadin da kuka samu a batir lokacin kik, da na sensar da asuba, da yadda bakin fulogi ya kasance, ka rubuta su ka aiko min in abin bai warware ba, daga nan zan san inda za mu nufa.